Guéné: Riba Ta Wuce a Mota, Shara Ta Kwana a Gari

Motar da ta ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwan Kwatano za ta Yamai ta saba ratsa Guéné. Za ta baro Paraku, ta wuce Kandi, sannan ta iso wannan gari na mararraba, inda hanyar Karimama ta balle ta hannun hagu, babbar kwalta kuma ta miƙe zuwa Malanville da gadar Gaya, tafiyar kusan rabin awa. Guéné ɗaya ce daga cikin gundumomi 5 na ƙaramar hukumar Malanville a jihar Alibori, mazaunin Dendawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawa, kuma masu harkar dabbobi sun san ta da babbar kasuwar kara. Shekara da shekaru shinkafa da sukari da ƙarafa da motocin gwanjo suna bi ta nan suna yin arewa, albasa da wake da dabbobi suna yin kudu. Har uraniyom ɗin Arlit ta kan wannan kwalta ya riƙa gangarawa bakin teku.

Kaɗan ne ƙwarai daga wannan dukiya ke sauka a Guéné. Kuɗin tasha a Kwatano ake biya, harajin kwastan a Nijar ake karɓa, riba kuma a Yamai da Maraɗi da Kano ake ƙirga ta. Abin da ke kwana a garin shi ne hayaƙi da baƙin mai da fasassun tayu da matattun batura da leda. Ra'ayina a kan wannan gajere ne: sharar nan hanya ce ta kawo ta, don haka daga hanya ya kamata kuɗin kwashe ta ya fito. A ce magajin gari, da ɗan abin da yake tarawa na tikitin kasuwa, shi ne zai share bayan cinikin ƙasashe biyu, wannan zalunci ne ko da ba wanda ya ƙudure shi a ransa.

A tsaya a garejin bakin hanya a ga yadda ake juyen mai. Yaron mota zai shige ƙarƙashin kan tirela da sifana, ya kwance notin gindin inji, ya tara yankakkiyar jarka. Injin babbar mota yakan sha mai lita 30 ko fiye a juye ɗaya, jarkar kuwa ko rabi ba ta ci. Ragowar ƙasa ce ke sha. Tsohuwar filta a wurga ta bayan rumfa tana ɗiga. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ta daskare, ko ciyawa ba ta tsirowa, kaji suna tono a gefe, mai faci yana cin abincinsa a kan taya. Da rani sai ka ɗauka abin ya tsaya nan. Ruwan farko na damina ne ke tona asiri: kududdufi ya riƙa ƙyalli da launuka, ruwan ya bi kwari ya gangara. Kuma duk ruwan da ya sauka a wannan yanki, ko ta Sota ya bi ko ta Alibori, a kogin Kwara yake ƙarewa. Da wannan kogin ake ban-ruwan shinkafar Malanville, a cikinsa masunta ke jefa taru, daga nan kuma ya shiga Najeriya ta jihar Kebbi ba tare da ya tsaya a shingen kowa ba.

Man da aka tara a jarka ma bai tafi inda ya dace ba. Ana sayar da shi a shafe azara da katako don gara, a zuba a masai don wari, wasu ma su shafa wa dabba mai ƙazuwa ko kaska. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da sinadaran da aka tabbatar suna iya jawo ciwon daji. Ba laifin makiyayin da ya shafa ba ne, ba wanda ya taɓa gaya masa.

Batir ya fi baƙin mai haɗari, don shi darma ce a cikinsa. Idan ya mutu, ɗan gwangwan zai fasa shi da guduma, ya tuntsurar da ruwan a ƙasa, ya kwashe darmar ya sayar ko ya narkar. Mutanen arewacin Najeriya ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan darma, sun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara a 2010. Amma akwai labarin da ya fi kama da namu. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, kuma bincike ya gano cewa iyayensu mata suna tankaɗe ƙasar da aka daɗe ana fasa batura a kanta don su tsinci darma su sayar. Sana'a ce ta neman na cefane, a tsakar gida, yara na rarrafe a wurin. Yanzu da baturan sola suka shiga kowane ƙauye suka haɗu da na motoci, ban ga dalilin da zai sa mu ɗauka wannan ba zai iya faruwa a garin da ke kan babbar hanya ba.

Sai leda, wadda a Guéné take da wata fuska ta daban saboda kara. A tambayi kowane mahauci. Idan aka farke tumbin saniyar da ta daɗe tana kiwo a gefen gari, sau da yawa abin da ke fitowa dunƙule ne na leda da igiyar buhu da tsumma, ya murɗe ya sandare, wani sai da hannu biyu ake ɗaga shi. Dabbar ta yi wata da watanni tana ramewa, ciki a kumbure, haƙarƙari a waje, nono ya ɗauke. Mai ita ya yi ta sayen maganin tsutsa da allura a banza, domin ba cuta ke damun ta ba, wurin da ciyawa za ta shiga ne babu. Ƙarshe dillali ya taya ta da farashin wulaƙanci, mai ita ya sallama don kada ta mutu a hannunsa. Da bazara abin ya fi tsanani, lokacin da daji ya ƙone, dabba ke bin ƙanshin gishiri da mai a jikin ledar da fasinja ya cillo ta taga. Wannan asara ba ta shiga littafin kowane ofis. A aljihun Bafulatani take ƙarewa, da ƙwaryar matarsa.

Ba doka aka rasa ba. Jamhuriyar Benin ta kafa doka mai lamba 2017-39 a ranar 26 ga Disamba 2017, wadda ta hana ƙera ledar da ba ta ruɓewa da shigo da ita da sayar da ita da amfani da ita. Nijar ta riga ta, tun 2014 ta yi tata. Amma mai ƙosai a tasha ba ta da wani abin da za ta ƙunsa a ciki wanda ya kai leda araha, kuma matafiyin da ya sayi ruwan leda ya fi wanda ya sha na rijiyar da bai sani ba hikima. Dokar da ta ce a bari, ba ta kawo madadi ba, ba ta kuma tanadi mai kwashewa ba, a takarda za ta zauna. Gwamnatin Benin ta nuna ta iya idan ta so: kamfanin SGDS da ta kafa a 2018 don kwashe sharar Kwatano da Porto-Novo da Abomey-Calavi da Ouidah da Sèmè-Podji ya canza fuskar waɗannan birane, daga baya aikin ya kai Paraku. Amma tsakanin Kwatano da bakin kogi akwai fiye da kilomita 700, kuma a can arewa maganin juji har yanzu ashana ce. Da magariba a cinna wa tarin leda da taya wuta, hayaƙin ya kwanta a kan gidaje daidai lokacin da yara ke cin tuwo a waje. A wurare da dama na yankinmu ma da tsohuwar taya ake babbakar kai da ƙafa, naman da mu ɗin ne za mu ci.

Hayaƙin motocin kansu yana da nasa tarihin, kuma ba a Guéné ya faro ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufa. Kwatano na cikin manyan ƙofofin shigarsu, kuma ayarin waɗanda za su Nijar ta wannan kwalta suka riƙa bi. Man da suke sha ma haka. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta gwada man dizal a ƙasashen Afirka 8, har da Benin, ta tarar da farar wutar da ke cikin wani ya ninka abin da Turai ta yarda da shi sau ɗaruruwa. Bayan haka ƙungiyar ECOWAS ta tsayar a 2020 cewa farar wuta a mai kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan, ta kuma ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita. Hukunci ne mai kyau. Sai dai wanda ya taɓa tsayawa bayan tsohuwar tirela tana ƙoƙarin tashi da lodin da ya fi ƙarfinta ya san inda aka kwana.

Lodin nan shi ne ginshiƙin ɓarnar. Injiniyoyi sun daɗe da auna cewa idan nauyin da ke kan ƙafar mota ya ninka biyu, lahanin da take yi wa kwalta yakan ninka kusan sau 16. Shi ya sa ƙungiyar ƙasashen da ke amfani da sefa ta kafa ƙa'idar awon lodi tun 2005, wadda direbobi suka sani da lamba 14, aka kuma yi ta ɗage aiwatar da ita. Kwalta ta fashe, mota ta koma ƙaramin giya, ta ƙara shan mai, ta ƙara hayaƙi, taya ta fashe a jefar a gefen gona. Wa ke shaƙa? Ba mai kayan ba, yana Yamai ko Dubai. Yarinya mai tallan gyaɗa ce, da mai shayi, da mai tuwo-tuwo da goyonta, waɗanda hancinsu ke daidai da bakin salansa daga safe har dare.

Na san abin da ɗan Malanville zai ce: Malam, kana maganar shara alhali mu motocin muke roƙon Allah ya dawo mana da su. Yana da gaskiya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai da takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba, an rufe gada, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko, layi ya miƙe kilomitoci. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe. 'Yan dako da masu abinci da masu masauki da bakanikai sun ga tasku, ga kuma matsalar tsaro da ta dabaibaye gandun dajin W da kewayensa. Wanda ciki ke ƙugi ba ya jin wa'azin leda.

Amma a duba abin da rufewar ta koyar. Motar da ke tsaye ba ta daina zubar da shara ba. Direba da yaransa da suka yi makonni a gefen hanya dole su ci, su yi wanka, su kama ruwa, kuma ba wanda ya tanadar musu makewayi. Kayan gwari sun ruɓe a cikin motoci an zubar. Da fito ya koma kwale-kwale, kayan tirela guda sai an rarraba shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da ledarsa da igiyarsa, babura da masu ƙafa uku suna jigila zuwa gaɓa, injinan jirage suna tsiyayar da mai a cikin kogin kansa. Kayan Nijar da suka koma bi ta Lome da Burkina Faso sun ƙara nisa, sun ƙara ƙona mai. Rufe hanya bai tsarkake komai ba, talauci kawai ya ƙara a kan ƙazanta. Ba ina kiran a rage ciniki ba ne. Ina so motoci su dawo, amma kada su dawo su tarar da mu yadda suka bar mu.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun dogo. Layin jirgin ƙasa daga Kwatano ya isa Paraku tun 1936, kilomita 438, ya tsaya nan. An kafa hukumar haɗin gwiwar jiragen ƙasa ta Benin da Nijar a 1959, aka yi ta alkawarin ƙarasa shi zuwa Doso da Yamai. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, rigimar kwangila ta tashi a kotunan Benin, dogon ya zauna ba jigila. To, a kwatanta da bututun ɗanyen mai daga Agadem zuwa Sèmè-Podji: kusan kilomita 2,000, an ƙaddamar da aikinsa a 2019, a 2024 jirgin ruwa ya yi lodin farko. An gina shi don ya kai ganga 90,000 a rana, abin da zai ci tankoki wajen 400 kullum da a kan kwalta za a ɗauka. Wato idan manya suka ga kuɗi a cikin abu, sun san yadda ake ɗauke kaya daga kan hanya cikin shekara 5. Shinkafar talaka da simintinsa ne aka bari a kan taya kusan shekara 90. Kuma ba kayan talaka kaɗai ba: a Fabrairu 2017 motar da ke ɗauke da uraniyom ta yi hatsari kusa da Dassa-Zoumé a kan wannan hanya. Garuruwan da irin wannan kaya ke ratsawa sun cancanci a ce suna da motar kashe gobara da mutanen da aka horar, ko ba komai.

Dogo ba zai zo gobe ba, don haka a koma ga abin da hannu zai iya kaiwa. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja neman goro ta wannan ƙasa suke ratsawa. Su ƙetare Kwara a wajajen Illo da Gaya, su shiga Bargu, su bi ta Kandi ko Nikki zuwa Jugu da Salaga. Madugu bai taɓa sauka a zango ya tashi bai biya sarkin gari haƙƙinsa ba, alhali jakunansa taki kawai suke bar wa manoma. Ayarin yau ma yana biya, har ya fi na da: akwai kuɗin tasha, akwai shingen karɓar kuɗin hanya da awon lodi irin na Sirarou, akwai abin da ake miƙawa a shingayen da ba su da rasit. Kuɗin ne ba ya tsayawa inda ɓarnar take. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da ta karɓi kuɗin wucewar mota ita ce ya wajaba ta ware wani kaso sananne, a rubuce, ga ƙananan hukumomin da motar ke ratsawa, kuma a ɗaure kason da aikin tsafta kaɗai, kada ya narke cikin albashi da man motar ofis.

Ba sai an je Turai neman samfuri ba. A Gogounou, cikin jihar Alibori ɗin nan, makiyaya suka fara tsarin kasuwar dabbobi mai cin gashin kanta: ana yanka tikiti a kan kowace dabba da aka sayar, a gaban shaidu, kuɗin ya shiga asusun da kwamiti ke riƙe da shi, ƙaramar hukuma ta samu nata, sauran a yi wa kasuwa aiki. Tsarin ya bazu zuwa wasu kasuwannin arewacin Benin saboda mutane sun ga inda kuɗinsu ke tafiya. Abin da ya yiwu a kan sa zai yiwu a kan tirela. Da irin wannan kuɗi za a kewaye filin ajiye manyan motoci a wajen gari, a daɓe wurin juyen mai da siminti, a gina makewayi da famfo, a ajiye duro-duro na baƙin mai. Kuma a riƙa sayen man daga hannun yaran mota, ko da 'yan dala kaɗan ne a lita, domin abin da ke da farashi ba a zubar da shi a ƙasa. Shi ya sa ba ka ganin ƙarfe a juji. Batir kuma a sa masa kuɗin ajiya: ka kawo matacce a rufe, ba a fasa ba, a rage maka kuɗin sabo.

Ina za a kai abin da aka tara? Amsar tana wucewa ta gabanmu. Kayan da ke hawa arewa sun fi masu gangarowa yawa, saboda haka motoci da dama kan koma kudu fayau ko da ɗan lodi. Su ne za su sauke duron baƙin mai da batura da ledar da aka matse zuwa inda ake da injinan sarrafa su. Tandun masana'antar siminti yana haura zafin digiri 1,400, kuma a ƙasashe da yawa a cikinsa ake ƙona tsohon mai da tayu a ƙarƙashin sa ido, maimakon a bar su suna turnuƙe unguwa. Benin tana da irin waɗannan masana'antu a kudu, kamar ta Onigbolo. Abin da ya rage yarjejeniya ce da rangwame: motar da ta sauko da shara a yafe mata kuɗin shinge.

Akwai kuma namu kason, kuma ba zan ɓoye shi ba don mu ne. Da yawa daga masu tirelolin nan da masu kayan da ke ciki alhazanmu ne na Maraɗi da Ƙonni da Gaya da Kamba. Mutum ya gina masallaci a garinsu, ya haƙa rijiya, Allah ya saka masa. Amma motarsa ta zubar da lita 30 na guba kusa da rijiyar wani gari, bai taɓa tambaya ba. Malamai sun karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi a kan mai bin ta, kuma ɗauke abin cutarwa daga kanta ibada ce. Ina so in ji an fassara wannan karatu da harshen gareji a huɗubar Juma'a a garuruwan kan hanya. Ƙungiyoyin direbobi da ke iya tsayar da mota a tasha saboda ba ta biya kuɗin kamasho ba, suna iya hana juyen mai a kan turɓaya. Sarkin fawa kuma ya sa a riƙa rataye dunƙulen ledar da aka ciro daga tumbi a ƙofar kara ranar kasuwa, kowa ya gani da idonsa, mai shanu da mai sayar da leda baki ɗaya.

Duk ranar da hukumomin Benin da Nijar suka zauna daidaita zirga-zirga a kan gadar, za a yi maganar tsaro da kwastan da kuɗin bututu, kuma ba wanda zai tuna da Guéné idan ba a tuna masa ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Malanville da Kandi da Gaya da Doso matsalarsu ɗaya ce, ya kamata su shiga da takarda guda mai ɗauke da buƙata guda: sefa nawa daga kowace mota za ta tsaya a garuruwan hanya, wa zai riƙe ta, kuma a wane allo za a liƙa lissafinta duk wata.